Akuyar Mahaifiyata da Ƙarfen Tsawa

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a Birnin Kudu ba, na saya wa mahaifiyata talabijin da ɗan sola na kai mata garinmu Farin Dutse. Ita ba ruwanta da komai a ciki sai tafsiri da labarai. Amma hoto ya ƙi fitowa. Ni kuwa da ba na son a ce na gaza, na samo dogon bututun ƙarfe, na ɗaura eriya a kansa, na kafa shi a jikin ɗakinta. Hoto ya fito tangaran. Ƙarfen nan ya fi komai tsawo a unguwar, ina tafiya ina waiwayensa kamar ni na ƙera shi.

Da na koma, na ba abokina mai gyaran rediyo da talabijin labari, ina jiran yabo. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa? Tsawa abin da ya fi tsawo take nema. Ka kafa mata tsani har kan gadon Inna, ga damina ta kawo kai."

Nan take na roƙe shi ya zo mu gyara. Ranar Asabar muka hau babur muka nufi gida, yana riƙe da waya mai kauri da sandar jan ƙarfe. Muka haƙa rami a gindin bututun, ya kafa sandar, muka zuba gawayi da gishiri da ruwa don ƙasar ta riƙe danshi, muka rufe, kan sandar ya ɗan leƙo waje. Ya haɗa ta da bututun da wayar nan. Ya ce in tsawa ta sauka, nan za ta bi ta shige ƙasa maimakon ɗaki.

Mahaifiyata na tsaye tana kallonmu. Ta ce, "Yau ga ikon Allah. Gishirin miyar tawa kuke shukawa?"

Kafin mu tafi abokina ya ja ni gefe. Ya ce in hadari ya taso a cire wayar eriya daga talabijin, kuma kada mutum ko dabba ya kusanci sandar. "Ka yi wa Inna bayani sosai," in ji shi. Na ce to. Da ta tambaye ni amfanin abin, sai na gyara hula na ce, "Inna, harkar kimiyya ce, kada ki wahalar da kanki." Wai ni mai ilimi.

Bayan mako uku, wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, na iso gida, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ina shiga tsakar gida na tsaya cak. Jar akuyarta mai ciki, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta, tana ɗaure a jikin sandar tana lasar ƙasa. Ita kuma tana zaune a gefe kan 'yar kujera tana yankan kuɓewa.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, turken nan naka babu irinsa. Tunda na ɗaure ta a nan ko kuka ba ta yi."

Ashe akuya ta gano gishirin. Sama kuwa ta fara rugugi.

Ban san lokacin da na ce, "Inna, tashi ki shiga ɗaki!" ba. Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta dube ni ta ce, "Da ni kake?" Na ce, "Ki yafe min, ki shiga tukuna." Ta ga idona, ta tashi. Ƙullin igiya ya ƙi kwancewa, na ɗauki wuƙar kuɓewa na yanke. Akuya ta ce ba inda za ta ta bar gishirinta. Ina ja tana turjewa, ruwa ya sauko, hulata ta faɗi a taɓo, farar rigar Juma'ata ta koma ja. Da ƙyar na rungume ta na kai zaure, na dawo a guje na zare wayar talabijin.

Ba mu daɗe da zama ba wani haske ya cika ɗakin, ƙara ta biyo shi a tare. Muka ɗauki salati. Kunnena ya jima yana kuwwa.

Da ruwa ya ɗauke muka fito. Eriya ta narke ta lanƙwashe. Guntun igiyar da na bari a jikin sandar ya ƙone ƙurmus, 'yar kujerar tana kife a gefensa. Ɗaki lafiya lau, talabijin lafiya lau, akuya na zaure tana cin hular tawa da iska ta kai mata.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta ce a hankali, "Da ka gaya min ai da na ji. Ni ba yarinya ba ce." Kunya ta rufe ni. Da ta ga na yi tsuru-tsuru sai ta ƙara da cewa, "Kuma wa ya ce maka ana binne gishiri a gidan da ake kiwon awaki?" Muka yi dariya, amma ni tawa da hawaye a ciki.

Washegari na kewaye sandar da bulo, na zauna na yi mata bayanin komai tiryan-tiryan. Ko sau biyu ban maimaita ba. Aikin abokina ya tsare gidan, girman kaina ne ya kusa jawo mana asarar da ba ta gyaruwa. Tun daga ranar, duk abin da na kawo mata, sai na fara kawo bayaninsa.

Har yau in hadari ya taso, ita ce ke riga ni kira. Ba ta ko tsayawa doguwar gaisuwa.

"Na cire wayar talabijin, awaki suna zaure. Kai kana ina? Shiga ɗaki."