Ranar da Mama Saratu ta danna da kanta

"Yanzu in ka tafi Legas fa? Shafi namu ya mutu ke nan?"

Mama Saratu ce ta jefo mini tambayar, shugabar ƙungiyar mata manoman citta na Kwoi. A 1999 ne, a ɗan shagona na Kafanchan. Na gina musu shafin intanet don masu saye su gan su kai tsaye, ba sai ta hannun dillalai ba. Amma ko hoto ɗaya za a canza, sai an neme ni.

Na ce, "Mama, ai ina nan."

Ta harare ni. "Ɗana, rumbu da mutum ɗaya ya san ƙofa, ba na jama'a ba ne."

Maganar ta shige ni. Na rushe aikin, na sake tsari: sakatariyarsu ta rubuta labari ta sa hoto, Mama ta duba ta amince, sannan ya fito.

Ranar gwaji matan ƙungiyar suka cika shagon, na naɗe hannuwana na bar musu kwamfutar. Layin tarhon da muke shiga intanet da shi ya katse, muka sake kira. Mama ta ce sai an yi addu'a tukuna. Da aka ce amin ta danna maɓallin amincewa da yatsa ɗaya, kamar mai taɓa garwashi.

Hoton busasshiyar cittarsu ya fara saukowa a allon kwamfuta a hankali. Guɗar da matan suka rangaɗa, har masu shagunan maƙwabta suka leƙo!

Daga baya na tafi Legas ɗin. Shafin bai mutu ba.

Ku fa, wane aiki kuka bari yana tafiya ba ku?