An Ce Ɗan Sudan Ne

A unguwar Karantina ta Jidda, kafin a rushe ta, in labari ya zo an kashe mutum, ba wanda yake fara tambayar wa ya kashe shi. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Namu ne?" In aka ce Bayamane ne ko ɗan Bangali, sai a ce Allah ya jiƙansa, kowa ya koma kan harkarsa. Abin yana ba ni haushi, sai ka ce ran wasu ba rai ba ne. Amma ban cika ganin laifin iyaye mata ba, don a unguwarmu sau da yawa amsar takan zama baƙar fata ne, kuma kowace tana da ɗa a waje.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce 'yar Nijar mai sayar da gyaɗa a bakin masallaci, duk Inna muke ce mata. Ɗanta ɗaya tal, a Jidda ta haife shi, dogo siriri. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci. Kullum faɗansu ke nan.

"Kai, ni ba ummi ba ce," in ji ta. "Ka ce Inna mana, bakinka ba zai yage ba."

Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Tayyib, ya ummi."

Bai daɗe da samun aikin wankin mota a unguwar Waziriyya ba, can ma yake kwana, sai Juma'a yake leƙo gida. Wata safiya aka ce an daɓa wa wani yaro wuƙa a wajen wankin mota a Waziriyya, ya rasu. Inna ta shigo ɗakina ko takalmi babu. Ta kira wayarsa, a kashe. Muka yi ta cigiya har wani direba ya ce mana ɗan Sudan ne, waɗanda suka tsaya a kansa sun ji maganarsa. Inna ta zauna daɓas a tabarmata ta yi hamdala, sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ba uwarsa haƙuri." Na ce amin. Wallahi ni ma na ji sanyi a raina.

Juma'a ta zo, yaro bai zo ba. Ta ce ƙila aiki ne ya yi yawa. Da wata Juma'ar ta sake wucewa, na ce Inna, tashi mu tafi.

A wajen wankin ba mu sami wanda ya san shi ba. Abokan aikinsa duk sun watse ranar da 'yan sanda suka zo, don ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinsu, shi ma ba shi da ita. Aka nuna mana wani dattijo ɗan Sudan mai shago a gefe. Inna ba ta da Larabci sosai, ni na yi mata tafinta. Ya kalli hoton da ke wayarta, ya gane shi. Ashe su 'yan Sudan ne suka bi gawar da ba wanda ya zo nema, suka yi mata salla a matsayin ɗan'uwansu, har an binne.

Inna ba ta yi kuka a nan ba. Ta ce in tambaye shi me ya sa suka ce nasu ne.

Dattijon ya ce yaron baƙi ne dogo, Larabcinsa tas, kuma har ya cika abu ɗaya yake ta maimaitawa: ya ummi, ya ummi.

Wannan ban fassara mata ba, ta ji da kunnenta. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, da Inna ya ce, da an san namu ne."