Bokitin Baba Dramani

Ni mai gadi ne a ƙofar tashar jiragen ruwa a nan Doha, kuma aikina na farko kowace safiya shi ne buɗe jakunkunan ma'aikata. Na ga abin dariya a cikinsu, na ga abin kunya. Jaka ɗaya ce kawai nake buɗewa ina jin nauyin mai ita, wato ta Baba Dramani. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana kusa.

Da an idar da sallar Asuba yake fitowa daga tsohon gidan da suke haya a unguwar Al Asmakh, ya hau motar ma'aikata. Ɗan Zangon Tema ne, can Ghana. Gajere ne, gemunsa ya yi fari fat, hannuwansa kuwa baƙin mai ya kama su har sabulu ya haƙura. Kullum sai ya tsokane ni: "Ɗan Kano, yalla, duba da sauri. Ko ka zaci na ɓoye kifi ne?" Abin da ke cikin jakar ba ya canzawa. Dadduma ce, da safar hannu, da wata igiya mai tsawo a naɗe. Ranar Alhamis kuma akwai kular abinci.

Aikinsa ba mai daɗin faɗi ba ne. Manyan jirage sukan tsaya can nesa a teku suna jiran layi, cikinsu cike da dattin mai da ƙazamin ruwan ɗakin inji. A da wasu sai su faki ido su tuttular da shi a teku, iska ta kai wa maƙwabta, kifi ya mutu a gaɓar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sai ƙasashen yankin suka daidaita a tsakaninsu cewa ƙaramin jirgin kwasar datti da ya fi kusa shi zai je ya zuƙe, ko da babban jirgin ya ɗan gota cikin ruwan maƙwabciya. Baba Dramani ne mai haɗa tiyo a ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan jirage. Ya fi shekara ashirin yana shaƙar wannan wari.

Garzali, wanda suke aiki tare a jirgin, shi ya ba ni labarin yadda abin ya fara. Wani tsohon jirgin dakon kaya ne mai shi ya gudu ya bari da mutane a ciki, a ruwan maƙwabciyarmu, ɗan taƙi kaɗan bayan iyaka. Da suka je kwasar datti, tiyo ya kuɓuce ya bugi ƙafar Baba, ya ce, "Wayyo Allah!" Sai suka ji murya daga can sama, ta bakin ƙarfen jirgin: "Sannu, Baba! Bahaushe ne?"

Haladu ke nan, kukun jirgin, mutumin Yawuri. Ya ce ya manta rabon da ya ji Hausa a kunnensa, in ba a waya ba. Ba a yarda ma'aikacin ƙaramin jirgi ya hau babba ba, na babba ma ba ya sauka sai da izini. Don haka suka yi hirarsu da ihu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Baba ya tambaye shi me ya fi so. Garzali ya ce shi ya zaci katin waya zai ce. Sai Haladu ya yi dariya ya ce, "Baba, miyar kuka. Ni mai dafa wa mutane ne, amma wallahi ita nake mafarki."

Daga nan kular Alhamis ta samo asali. Baba ya nemo kuka da daddawa wajen wata 'yar Zango a unguwar Bin Mahmud, ya tuƙa tuwo da kansa. A teku sai ya wurga igiya sama, Haladu ya cafe, ya ja bokiti da kular a ciki. Kafin a gama zuƙar datti bokitin ya sauko, kula a wanke tas. Har gyara yake yi masa daga sama: "Baba, daddawar ta yi yawa!" Shi kuma ya ce, "Kai, ka ci ka yi shiru, ƙanina."

Haka aka yi ta yi har zafi ya shigo. Sai wata Alhamis bokitin ya sauko da nauyinsa, ba a taɓa tuwon ba. Wani ma'aikacin jirgin ne ya leƙo ya ce kuku yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya.

Abin da ya biyo baya har yau yana ci mini rai. Jirgin su Baba yana nan a gindin babban jirgin, daga can ana hango dogayen benayen Doha. Amma izininsu na ɗaukar datti ne, ba na ɗaukar mutum ba. Direban jirginsu ya ce in aka tsallaka iyaka da mutum ba takarda, dukkansu za su kwana a hannu, kuma gaskiya ya faɗa. Wannan gefe suka ce marar lafiya yana ruwan maƙwabta. Wancan gefe suka ce a nemo wakilin mai jirgi, mai jirgin da ya yi layar zana. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. An dai zauna an yi shawara a kan baƙin mai, an manta ba a yi a kan ɗan'adam ba.

Kai ne ba ka haƙura ba, Baba. Kai ne ka kira Osman, ɗan Zangonku da ke irin aikinka a tashar maƙwabta, ka ce ya je ya tsaya a ƙofar ofishinsu kada ya motsa. Kai ma ka tsaya a ta nan da kayan aikinka masu wari, da ɗan Larabcinka na kasuwa. Na gan ka da idona ranar da ka dawo, ban ma buɗe jakarka ba. Ka ce mini, "Ɗan Kano, da a ce shi datti ne, da tuni na kawo shi."

Izini ya fito daga baya. Aka sauko da Haladu a kan shimfiɗar ɗaukar marasa lafiya zuwa jirgin su Baba, ranar ce Baba ya fara riƙe hannunsa. Garzali ya ce Haladu ya buɗe ido ya ce, "Ashe gajere ne kai, Baba." Baba ya ce, "Halas, an gama, mun kusa, ga gari can." Ba su kai ba. A kan cinyarsa ya cika, da rana tsaka, ana ganin motoci a bakin gaɓa.

Baba ne ya yi ta zirga-zirga har aka ba da gawar, shi ya yi masa wanka, mu 'yan tsiraru muka sallace shi. Da ya kira Rahmatu, matar Haladu, a Yawuri, ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: "An yi masa wanka irin namu?" Ya ce, "Da hannuna, 'yata." Sai a lokacin ta fashe da kuka, shi ma ya juya mana baya.

Yanzu tashoshin biyu suna kiran juna kai tsaye in an sami marar lafiya a teku, a fara kai shi gaɓa mafi kusa, takarda ta biyo baya. Ba zan ce Baba ne ya kawo wannan shi kaɗai ba, zai ma ji haushina in na faɗa. Na dai san ba wanda ya kai shi naci. In an yi masa zancen sai ya ce, "Ya yi kyau. Amma Haladu bai gani ba."

Alhamis ɗin da ta biyo bayan jana'izar, na buɗe jakarsa sai ga kula, da zafinta. Na ce, "Baba, wa za ka kai wa?" Ya ce, "Ban san shi ba tukuna." Tun daga ranar duk jirgin da suka je, kafin ya haɗa tiyo sai ya ɗaga kai ya yi sallama, ya tambaya ko akwai marar lafiya, ko akwai wanda aka manta da shi.

Baba Dramani, na Tema mai igiya, mun gode. Ƙirjinka ya gaji, tarin nan ya ƙi barinka, ka je ka huta cikin jikokinka. Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan Haladu. Ku kuma da ke aiki a bakin kowace iyaka, ta ruwa ko ta tudu, ku riƙa ɗaga kai kuna tambaya.

Jiya Alhamis ce. Baba ya miƙo jakarsa, na ji ta shafal, ba igiya ba kula. Na ɗago na dube shi. Sai ya nuna bayansa da baki. Garzali ne ke tafe, igiya a kafaɗa, bokiti a hannu, yana ƙorafin wai tuwon ya ƙona masa yatsa.