Baiwa Mai Ƙuli da Kunun Tsofaffi

Duk wanda ya girma a Matamaye ya ce bai san Baiwa mai ƙuli ba, to ko dai kurma ne ko ƙarya yake. In ta tsaya bakin tasha tana wanke yaran mota da zagi, mutanen Kance suna ji, wasu ma sun rantse har masu yankan rake a Dungu sukan ɗaga kai. Gajeriya ce, baƙa, haƙori ɗaya ya rage mata a gaba, shi ma goro ya gama da shi. Maza uku ta binne, kuma takan ce duk cikinsu ba wanda ya kai ta cin tuwo. Ta haifa da yawa, ƙasa ta karɓe, aka bar mata autarta, Indo. Da man gyaɗa da ƙuli ta yi wa Indo kayan ɗaki, ta aurar da ita ga Sallau, wani dogon mutum marar magana da ke shara da ɗiban ruwa a gidan likita.

Bakin nan da bai ƙyale kowa ba, har liman, mutum ɗaya ne ke rufe shi, wato Sallau. Surukinta ne. Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce mai gidan Indo. In ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita kuma ta ja mayafi ta ba bango fuska, su yi ta lafiya lau, lafiya lau, kowa na gaida ƙasa. Ko ruwa ba ta kurɓa a gabansa. An ce wata rana ya yi sallama tana da goro a baki, ta haɗiye shi ɗungurungum, ta yi ta shaƙuwa har sallar layya.

Sai ga farin tamanin da huɗu. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, rana ta ƙone shi a tsaye. Gyaɗa ko irin da aka zuba ba a mayar ba, sana'ar Baiwa ta mutu, ta kife kaskon suya. Soja ke mulki, kuma kalmar yunwa ba a faɗinta da ƙarfi a kasuwa, don ba ka san wanda ke tsaye kusa da kai kunnen wa ne ba. Sai dai a ce gari ya yi zafi. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun kawo jar dawa ta taimako, da madarar gari don yara da masu goyo. Tsofaffi ba wanda ya tuna da su. Jar dawar nan kuwa tsakuwa ce da aka yi wa jan fenti. Marar haƙori in ya ci tuwonta sai gudawa, ba a jima ba a fito da shi a makara. Kuma tsoho in ya mutu ba a tambayar me ya kashe shi, cewa ake lokaci ya yi.

Ana cikin haka wata lokotoro, wato likita, mai suna Fadimata ta sauka daga Yamai, da izinin kumandan mai mulkin garin a hannunta. Siririya ce, mai tabarau, Hausarta a karkace. Ta ce bincike ta zo yi a kan tsofaffi. Tana da wani garin kunu da aka haɗa da gero da wake da magunguna, so take ta gani ko cikin tsoho zai riƙe shi. Kullum da hantsi tsoho ya zo gidan likita ya sha, ran Laraba a ɗora shi kan kilo, a ɗan ɗebi jini. In kunun ya yi amfani za ta kai maganar ga manya, a raba shi har Dawce da ƙauyuka. In bai yi ba ta naɗe kayanta. Sharaɗi guda ta kafa: a nan za a sha, gaban mai tsaro, ba a fita da ko cokali. Ta san halin kakanni, jikoki za su kai wa.

Ba wanda ya je. Magana ta bazu cewa Nasara za a sayar wa jinin. Uban yaɗa zancen shi ne Malam Buraima, tsohon dillalin awaki, taubashin Baiwa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba. Ya ce shi da idonsa ya ga kwalaben, kowace ta kai tulu.

Baiwa ta tarar da shi gindin itacen bedi yana wannan wa'azi, ta riƙe ƙugu.

"Wane jinin za a saya, Buraima? Kai da sauro in ya cije ka yake tashi yana kuka?"

"Ke dai je ki, mayya. Naki ko kyauta ba za su karɓa ba, guba ne."

Ta kuwa je. Ita ce ta fara miƙa hannu aka soka mata allura, ta ce wa Lokotoro in bai isa ba ga ɗaya hannun. Ta hau kilon, wanda tsohon kilon awon gyaɗa ne, ta tsaya a kai tana taƙama kamar buhun da ya fi kowa daraja. Ta sha kunun, ta suɗe ƙwaryar da yatsa. Daga nan ta shiga gari gida-gida. Wanda ya ce yana tsoro ta yi masa gori, wanda ya ce ƙafa ta sa a ɗauko shi a amalanke. Ta ce wa tsofaffin, tun da aka haife su wa ya taɓa tasowa daga Yamai ya tambayi yadda cikinsu ya kwana? In ba su bari an duba su ba, haka na bayansu za su yi ta mutuwa ana cewa lokaci. Kafin wata ya mutu inuwar gidan likita ta cika da sanduna da tari. Buraima ma ya zo, wai ya zo ya ga ƙarshenta ne, ya zauna dab da ita, nan ya zama wurinsa.

Da fari komai lafiya. Mai tsaron wata ma'aikaciyar jinya ce, Maryama. Gudawa ta tsaya wa da yawa. Tsofaffin suka fara gardama, wanda alama ce ta sauƙi. Baiwa ta koma zagin mutane da cikakkiyar murya.

Sai oda ta zo daga sama, a tura Maryama Damagaram, wajen waɗanda fari ya koro daga arewa. Majo, shugaban ma'aikatan gidan likitan, tsohon soja ne da ko gaisuwa a tsawace yake amsawa. Ya duba tsakar gida, ya ga dogon mutum da tsintsiya, ya ce daga gobe shi ne mai tsaron kunu.

Washegari Baiwa ta karɓi ƙwaryarta, ta ɗaga, har tururin ya taɓa mata leɓe, sai ta ji wani ɗan tari da ta sani. Ta sauke ƙwaryar a hankali. Sallau na tsaye gaban layin. Shi ma da idonsa ya faɗa kan mayafinta sai ya zame takalmi, ya juya baya, ya ƙura wa katanga ido kamar an ce masa a can aikin yake. Baiwa ta ja mayafi. Ta zauna kunun na hucewa. Can ta karkata ƙwaryar ta juye a ta Buraima.

"Allah ya ƙaro miki surukai," in ji Buraima ƙasa-ƙasa, ya kafa kai.

Da Sallau ya zo tattara ƙore ya ga tata wayam. Lokotoro ta tambaye shi ko kowa ya sha, ya ce kowa ya sha.

Haka aka yi washegari, haka aka yi ta yi. Duk tsofaffin suna gani, ba wanda ya ga abin mamaki. Matan ma yaba mata suke, wai har yanzu da sauran masu kunya a duniya. Ba wanda ya gaya wa Lokotoro, don wa zai buɗe baki ya yi zancen cin abincin mace da surukinta? Ita kuwa ba ta san ma suna da alaƙa ba. Sallau ya taɓa zuwa ƙofar Majo yana murza hula, ya ce ko za a canza masa aiki. Majo ya nuna masa bakin ƙofa, inda maza majiya ƙarfi ke zaune tun safe suna jiran a kori wani su karɓi tsintsiya. Sallau ya koma. Ɗan albashin nan shi ne numfashin gidansa.

Baiwa ba ta iya daina zuwa ba. Ita ta tara mutanen, ranar da aka ga wurinta ba kowa, rabinsu za su ce ta gano wani abu ne, su watse. A gida kuma in Indo ta aiko da ɗan tuwo sai ta mayar, ta ce a ba yara, ita likita ke ciyar da ita, har ƙoshi ke damunta. In ta karɓa Indo za ta yi tambaya, tambayar kuma kan mijinta za ta ƙare. Sai ta koma dafa ganyen tafasa busasshe, ta sha ruwan ta kwanta.

Buraima kuwa ya yi ƙiba abin kunya. Cikin farin nan, mutum ya fito da wuya. Ran Laraba in ya hau kilo har ƙara yake yi, an ce ɗinkin rigarsa ya ɓalle ana tsakar sallar Juma'a. Yana zolayarta kullum, tana ramawa, sai dai ramuwar ta fara gajarta. Hannayenta suka zama kara, ƙafafun suka kumbura, in an danna yatsa ramin ya zauna. Masu tasha suka fara tambayar ko ta yi tafiya ne. Wata rana Buraima ya tura mata ƙwaryar baya, ya ce ta sha mana, ai surukin ya juya baya, ba ya gani. Ta ce yana da kunne.

Lokotoro ta rasa gane kanta. Ta duba ido, ta duba harshe, ta sake ɗibar jini, ta tambaye ta ko tana shan kunun.

"Ƴata, ki duba ƙwaryata. Kin taɓa ganin saura?"

Wata Laraba aka kawo Baiwa a amalanke, ita da ta saba sa a ɗauko wasu. Aka ɗora ta kan kilo a zaune. Lokotoro ta daɗe tana kallon allurar kilon. Sannan ta sa aka tara tsofaffin, ta cire tabarau, ta yi musu bayani. Matar da ba ta taɓa fashi ba, ita ce ke ƙarewa a gabanta. Ba ta san ko wani abu ne a cikin kunun ke cin wasu jikunan ba, kuma ba za ta ci gaba da ba mutane abin da take zargi ba. Na yau shi ne na ƙarshe. Za ta koma Yamai ta nemi shawara, in an gane za ta dawo.

Kowa a wurin ya san abin da ya tafi Yamai ba ya dawowa. Baiwa ta bi layin da kallo. Duk ita ta fito da su daga ɗakunansu, kuma ta san abin da ke jiransu a gida, jar dawa da makara. Buraima ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Baiwa ta ce a miƙo mata ƙwaryarta. Aka miƙo. Ta zame mayafin daga kanta.

"Mai gidan Indo."

Sallau na fuskantar katangarsa. Kafaɗunsa suka motsa, bai juyo ba.

"Na'am, Inna."

"Juyo ka dube ni. Aikinka ne."

Ya juyo kamar wanda ake ja da igiya. Ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu, kunun na zuba a haɓarta, ta sha yana kallo. Tsofaffin mata suka rufe fuska, wata ta fara salati. Da ta sauke sai ta nemi Lokotoro da ido.

"Tun tafiyar Maryama yau na fara sha. Wannan mijin ƴata ne. Kununki bai yi mini komai ba. In kina neman inda ya tafi, ga tumbin can."

Aka jira Buraima ya rama. Sai ya ture ƙwaryarsa gefe.

Lokotoro ta sa aka kwantar da ita a ɗakin majinyata, aka ɗaura mata ruwa, aka riƙa ba ta kunun da cokali, Indo ce ke ba ta. Cikin ya riga ya manta aikinsa, abin da ya shiga sai ya dawo. Ta ɗan yi magana ranar farko, ta ce wa Indo kada a bar Buraima ya ci sadakarta. Bayan nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ba ta kai wata Larabar ba.

Har yau ba a gama gardamar abin da ya kashe ta ba. Lokotoro ta ce yunwa. Tsofaffin matan unguwa suka ce ina, ai tun da ta sha abu gaban suruki ta riga ta gama, jikin ne kawai ya ɗan jinkirta.

Kunun bai tsaya ba, aka ci gaba da damawa. Sallau na cikin waɗanda suka tona kabarin, ƙasar ta bushe har sai da aka nemo diga. Ya dawo ya zauna zaman makoki a ƙofar gidanta, aka kawo ɗan abin sadaka, bai taɓa ba. Da gari ya waye Majo ya aiko a gaya masa tsofaffi na jira, in ba zai zo ba ya faɗa a sa wani. Ya tashi ya sa takalmi ya tafi.