Wasiƙu Biyu na Ajami daga Akwatin Kakan Baturiya

Shekara huɗu muka yi muna aiki tare a ɗakin magani na wani asibitin kuɗi a unguwar Gharrafa ta Doha, ni da wata Baturiya. 'Yar ƙasar Ireland ce, in kana neman rigima da ita ka ce mata 'yar Ingila. Ita ce shugabarmu, ta kuma girme ni da kusan shekara goma, amma kwano ɗaya muke cin abincin rana. Yajina yana sa ta hawaye, ta ƙi ta daina ɗiba.

Ciwonta ɗaya ne, neman asali. Mu a wajenmu in an ce kai ɗan wane ne jikan wane, magana ta ƙare. Ita sai ta ga takarda. Rajistar coci, takardar haihuwa, jerin fasinjojin jirgin ruwa, duk ta bi ta tattaro hotunansu a waya, da an samu sararin marasa lafiya sai ta tura min ƙarƙashin hanci. Na kan ce mata, "Ke kam, bayin Allah sun kwanta, ki ƙyale su mana." Sai ta yi dariya ta buɗo wata.

A haka ta gano kakanta na wajen uba, wanda shi ma mai haɗa magani ne, ya taɓa zama a ƙasarmu zamanin Turawa. Ya yi shekaru a ɗakin shan magani na ma'aikatan jirgin ƙasa a wani gari na Arewa, kafin ya koma gida ya buɗe kemis ya yi aure. Ta nuna min takardar shaidar mutuwarsa: daga matakalar shagonsa ya faɗo, bai kai hamsin ba. Ta nuna min ta mahaifinta: motarsa ce ta bar hanya da rana tsaka, a miƙaƙƙen titi, shi kaɗai a ciki.

"Mu gidanmu ba ma ciwo," in ji ta. "Haɗari muke yi."

Ban yi dariya ba. Watanni kaɗan kafin nan na same ta zaune a ƙasa a ɗakin ajiya, fuska fara fat, bayan ƙararrawar gobara ta tashi ba zato. Ta ce zafin Doha ne. A ɗakin da sai ka sa rigar sanyi.

Sai goggonta ta rasu can gida, aka aiko mata da wani ɗan akwatin gwangwani na kakan. A ciki akwai takardu biyu masu rubutun Larabci. Ta kai wa wani abokin aikinmu ɗan Sudan, ya juya su, ya ce haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba ce. Ina leƙawa na gane. Ajami ne, irin hannun da mahaifina yake rubuta mana wasiƙa da shi muna makarantar kwana. Ta rungume ni don murna, muka sa ranar Asabar mu haɗu kusa da tashar Mushairib, tunda ita daga garin Wakrah take hawo jirgin ƙasa.

Da hantsi muka zauna a wani shagon shayi, ta shimfiɗa takardun a tebur, ta riƙe biro tana jira. Na fara karantawa a zuci.

Limamin unguwa ne ya rubuta, a madadin wata mata. Bayan doguwar gaisuwa, ta farko tana sanar da Baturen magani, wato kakanta, cewa ɗansa babba ya rasu. Saurayi ne, lafiyarsa ƙalau, yana tsaye a tasha jirgi ya yi kuwwa, sai ya faɗi, ko shurawa bai yi ba. Ta biyu, da tawada daban, tana cewa ƙanen ma ya bi shi. Yana gudu a gona ya kife, ba sara, ba zazzaɓi, ba komai. Matar tana tambaya ko akwai irin wannan a danginsa, don a nata ba a taɓa gani ba.

Na ɗago kai. Idonta yana kaina, har da murmushi.

To, ni a gidanmu ba a faɗin mutuwa haka gatsau. Ranar da mahaifina ya rasu ce min aka yi jiki ya ɗan yi tsanani, in zo gida, sai da na ga tabarmi a ƙofa. Sannan ga asirin mamaci. Mutum ya bar mace da 'ya'ya biyu, ya tsallake teku ya yi shiru har ya mutu, ni ce zan tone shi a gaban jikarsa a shagon shayi?

"Gaisuwa ce," na ce. "Mutanen da ya yi aiki da su suna gaishe shi. Rubutun ya tsufa, bari in ɗauki hoto in duba sosai a gida."

Ta rubuta "gaisuwa" a littafinta, ta ja layi a ƙasa. Ta ce ashe an so shi.

A gida na sake karantawa, a wannan karon da idon aikina. Ƙara mai firgitarwa, gudu, faɗuwa nan take, samari biyu uba ɗaya. Matakala. Miƙaƙƙen titi. Ƙararrawar gobara. Duk wanda ya karanta haɗa magani ya san akwai wata larurar bugun zuciya da ake gado, ba ta ciwo, ba ta gargaɗi, kuma akwai jerin magunguna na yau da kullum da ke tsokano ta. Mu muke liƙa wa mutane gargaɗin a jikin kwali.

Na gaya wa maigidana, wanda injiniya ne, ba ruwansa da kwana-kwana. Ya ce, "Gobe ki faɗa mata, khalas, shi ke nan." Na hau shi da faɗa. Na ce shi komai kamar ƙarfe yake ɗaukarsa, ai sai an nemi lokaci, an lallaɓa. Ya kalle ni ya ce, "Kunyarki kike lallaɓawa, ba ita ba." Na yi fushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Lokacin bai zo ba. Yau layi ya yi yawa, gobe tana cikin farin ciki, jibi ta gaji. Kullum da safe sai na dubi ƙofa, in ta yi lattin minti biyar sai in fara leƙa waje. Wayar ofis ta yi ƙara, ni ce mai zabura in dube ta. Ta tambaye ni sau biyu ko na gama duba rubutun, na ce saura kaɗan. Sama da kwana ashirin na yi ina wannan rashin hankalin.

Ranar wata Lahadi ta shigo da tari mai nauyi. Ta ga likita a sama, ta sauko da takarda, ta miƙo min ta tagar marasa lafiya tana tsokana. "Yalla, maza, malama, a sallame ni."

Na duba sunan maganin. Yana cikin jerin.

Na je na ɗauko kwalin, don hannu ya saba, na dawo na tsaya da shi. Ta miƙo hannu, na ƙi saki.

"Lafiya?"

"Ba zan ba ki ba. Zo ciki."

A ɗakin ajiya na faɗa mata, a tsaye, ba lallashi, ba shimfiɗa, duk abin da na ce ba zan yi ba. Matar, samarin biyu, jirgin, gonar. Ban yi mata bayanin larurar ba, ta fi ni sani. Na ga tana haɗawa da kanta, leɓenta yana motsi, kaka, uba, ita.

"Yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

"Tun Mushairib?"

Na ce e. Wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Sai ta fara lalube aljihun farar rigarta, tana neman wayarta.

"'Yata," ta ce. Tana da 'ya ɗaya tilo, tana jami'a can gida. "Ita ma tarin take yi. Likitanta ya rubuta mata wannan, ta kira ni ta tambaye ni ko yana da kyau. Na ce ta sha. Yau kwana huɗu."

Inna lillahi. Ta kira, ta sa a kunne, ɗakin shiru har ina jin ƙarar daga inda nake. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Ta katse. A waje wani yana ƙwanƙwasa gilashin taga yana neman a zo a ba shi magani, ba wadda ta motsa a cikinmu. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai "Ya Allah" kawai nake maimaitawa.

A kira na huɗu aka ɗauka. Muryar yarinyar ce, tana mitar an fito da ita daga wanka. Uwar ta ce kada ta ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, kada ta yi gudu, ta sa wata ta raka ta asibiti yanzu a auna bugun zuciyarta. Sau uku ta maimaita, a hankali, har yarinyar ta daina gardama.

Ta sauke wayar. Ta karɓi kwalin daga hannuna, ashe har lokacin ina riƙe da shi, ta mayar inda yake. Na fara cewa ta yafe ni, na ce tausayinta na ji.

Ta ce, "Da ba ta ɗauka ba fa?"