Gurbin da Haladu Ya Bari a Cikin Waƙa

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke ranar da mutumin rediyo ya shigo gidana a Ƙanƙara ya kara mini na'ura a baki ba. Ban yi karatu ba. Maƙwabciyata Malama Hinde ce ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na roƙe ta kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri. Da ku nake, 'yan amshi na yanzu, musamman waɗanda suka bi ta hannuna.

Na yi aikin amshi tun ina da goyon fari har kaina ya yi furfura. Ga wanda bai san sana'ar ba, jagora shi ne mai tsara waƙa, shi ke jefo ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya. In ya kai ƙarshen ɗa sai ya yi shiru, mu kuma mu karɓa da gindin waƙar, wato maganar da ake ta maimaitawa. Wannan shirun muna ce masa gurbi. Wurinmu ne, jagora ba ya taka shi.

A ƙungiyarmu maigidana, Allah ya jiƙan shi, shi ne babban makaɗi, da kalangu. Ni ce babbar 'yan amshi. Jagoranmu kuwa Haladu ne, mutumin Tafoki, wanda ya zo hannunmu da wata tsohuwar jita da baiwar tsara magana. Yana ce wa Malam, wato maigidana, Baba, ni kuma Gwaggo. Mun daɗe tare, daga biki zuwa suna, daga Faskari har Sabuwa.

Da hanyoyi suka lalace, taro ya ragu a ƙauyuka, sai Haladu ya ce mu shiga situdiyo a Funtuwa a ɗauki waƙoƙinmu, su shiga wayoyin mutane. Malam ya ce shi ba zai yi kiɗa a ɗakin da babu kowa sai soso a bango ba. Magana ta yi tsami a wani biki a Mairuwa. Malam ya ce masa a gaban jama'a jitar nan tasa kukan sauro take yi. Haladu ya rataya abarsa ya tafi. Ƙungiya ta watse daga ranar. Ba a rufa shekara ba Malam ya kwanta ciwo, ya rasu. Ajali ne, amma ni na ɗora wa Haladu. Da ya zo ta'aziyya, ta bayan labule na amsa masa.

Bayan na fita takaba, cikin kaka, aka ce Haladu ya fitar da albam shi kaɗai, waƙoƙi bakwai, daga shi sai jitarsa. Na hana a kunna shi a gidana. Amma magana tana shigowa ko an rufe ƙofa. Akwai wani shiri a rediyo da ake tattauna sababbin waƙoƙi, masu saurare suna kira. Wani malamin kwaleji ya ce kalmomin suna da nauyi, sai dai waƙoƙin cike suke da ramuka: mutum yana cikin rerawa sai ya tsaya cak, jita tana ɗan motsi a ƙasa, can sai ya ci gaba. Wasu suka ce kuskuren mai situdiyo ne. Wasu suka ce sabon salo ne, a ba shi lokaci. Masu tura waƙa a waya a kasuwa ma ba su san wane ɓangare za su bi ba. Shi ne mai shirin ya ce bari a je wurin wadda ta fi kowa sanin muryar Haladu.

Ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi, ya yi mini gaisuwar Malam. Sannan ya ce, "Gwaggo, kin dai saurari albam ɗin?"

Na ce, "Na saurara." Ƙarya nake. Ko layi ɗaya ban ji ba.

Ya ce, "To mi kika gani game da tsaye-tsayen nan da ake ta gardama a kai?"

Na ce, "Ɗana, ba salo ba ne, haki ne. Da ma can mu ke ɗauke da shi. Yanzu da ba mu, numfashi ya gaza, sai ya tsaya ya yi haki kamar jakin da ya hau tudu da taiki."

Ya yi dariya har na'urar tana rawa a hannunsa. Ya ce, "Wallahi Gwaggo kin gama magana." Ni kuma na ji daɗi. Malama, rubuta wannan: na ji daɗi.

Aka sa muryata a rediyo, aka maimaita. Gardama ta mutu, domin wa zai ja da babbar 'yan amshinsa? Kafin a gama yankan dawa, Haladu Mai Jita ya koma Haladu Mai Haki. Waɗanda suka gayyace shi wani taro a Sabuwa suka aiko cewa sun fasa.

Ana nan wata rana na shiga motar haya zan je suna a Faskari. Mun ɗan yi nisa sai direba ya ce, "Bari in sa muku Mai Haki mu rage hanya." Mota ta ɗauki shewa. Duk inda Haladu ya yi shiru, sai fasinja su cike wurin da haki, hah, hah, hah. Wani mai sayen hatsi a gaba ya ce, "Jama'a, a ba bawan Allah ruwa kada ya mutu mana a mota!" Ni ma na yi dariya cikin mayafi.

Sai waƙa ta uku ta fara. Na san ta. Tana cikin waɗanda muke gwaji a tsakar gidanmu a daminarmu ta ƙarshe tare, ba mu kai ga fita da su ba. Waƙar manoman Damari ce da suka bar gonakinsu ba da son ransu ba. Haladu ya jefo ɗa, ya yi shiru, sai bakina ya buɗe da kansa: "Gona tana nan, mai gona zai dawo." Ina rufe baki muryarsa tana shigowa. Bai taka ni ba, ban taka shi ba. Ya sake jefowa, na sake karɓa, daidai. Can sai aka zo wani shiru da ya ninka nawa tsawo. Wannan ba nawa ba ne. A nan Malam ke amsawa da kalangu.

Babu wanda ya ƙara yin haki a motar. Direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ke kau wace ce?" Ban iya faɗi ba. In na faɗi, za su gane muryar da suka ji a rediyo. Na ja mayafi na rufe fuskata har muka isa.

Washegari na sa mai babur ya kai ni Tafoki. Na iske Haladu a ƙofar gida yana ɗaure dammunan dawa. Da ya gan ni ya saki igiya ya durƙusa.

"Gwaggo, ke ce da ƙafarki? Ai da kin aiko."

Na ce, "Na ji waƙar gona."

 Ya ce, "Baba yana kwance na ɗauki waƙoƙin nan. Mai situdiyo ya ce in kawo mata biyu su cike, ko shi ya cike da fiyano. Na ce mashi wurin yana da masu shi. Na zaci Baba zai tashi ya ji. Da bai tashi ba, na ce to ai Gwaggo tana nan."

Na ce, "To da na yi maganar da na yi, mi ya hana ka kira rediyo ka faɗi gaskiya?"

Ya ce, "In na faɗi, kowa zai gane ba ki saurara ba. Wanda ya san amshi ba ya jin wannan ya ce haki. In tona miki asiri a gaban duniya, kina cikin baƙin cikin Baba?"

Na zauna a kan dami na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Malam. Na roƙe shi gafara, ya yafe tun ban kai ƙarshen magana ba. Matarsa ta kawo mini fura.

Na koma wurin mai shirin na ce ina so in gyara. Ya ce, "Gwaggo, ai an wuce wannan, wata maganar ake yanzu." Da na nace, ya ɗauki muryata, aka sa guntu a ƙarshen shiri ana shirin talla. Ban ji wanda ya maimaita shi ba. Maganar jaki kuwa har gobe ana yi.

Abu na farko da na koya wa duk wadda ta zo hannuna shi ne, kada ki buɗe baki sai kin ji jagora ya kai ƙarshen ɗa. Amshi aikin kunne ne. Na koyar da haka rayuwata duka, amma ranar da aka tambaye ni a kan aikin mutumin da ya girma a gabana, na yi magana ban saurara ba. Mutane kuwa suka gaskata ni saboda furfurata da sunana a sana'a. In an tambaye ku a kan waƙar abokin sana'a kuna jin haushinsa, ku ce ba ku ji ba tukuna. Babu kunya a cikin wannan.

Har yau Haladu bai sake tsara waƙa ba. Ya ce mini in ya ɗauki jita, da ya kai ƙarshen ɗa ya yi shiru, sai ya ji mutane suna haki a kunnensa. Ni na sa masa wannan, kuma yafewarsa ba ta cire shi ba.

Huɗu daga cikin waƙoƙin nan bakwai na san amshinsu, kuma ni kaɗai na rage a kusa da na sani. Muryata ta tafi, amma kalmomin suna nan. Duk wadda ke da albam ɗin a wayarta, ta zo gidana da safe in koya mata. In mun kai mu uku ko huɗu, mu shiga mota mu tafi Tafoki, mu zauna a bayansa kamar yadda ake zama. In ya yi shiru, ya ji an karɓa.