Wayar da Ta Yi Ƙara a Shagon Nasiru

Jama'a, ina yi muku sallama. Ni ban iya rubutu ba, ina faɗa ne jikata tana sawa a takarda, kuma na ce mata ko ta ga ina kuka kada ta ajiye biro. Abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, a nan Kontagora, wajen ƙarshen mulkin soja, kuma wallahi tallahi ban ƙara komai ba. Ƙafata ɗaya tana kabari, me zan ci da ƙarya.

Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa guda, Nasiru. Da man kaɗanya na rene shi, ina sarowa wurin matan Auna da na Rijau ina kasawa a kasuwa, har ya yi karatun kwamfuta a Minna, ya dawo ya kama ɗan shago kusa da tasha, ya sa kwamfuta da wayar tebur mai igiya, yana buga wa mutane takardu. A lokacin in ka ce intanet a garin nan sai a tambaye ka ta wace hanya ake zuwa ƙauyen.

Akwai kuma Ɗanladi. Ba ni na haife shi ba, amma ya sha nonona, don uwarsa maƙwabciyata ce, ta kwanta ciwo yana jariri, sai na haɗa su da Nasiru, wannan a dama wannan a hagu, har wata bakwai. Kun san hukuncin wannan, ɗan'uwansa ne. Shi ya girma ya tafi Kaduna, ya riga Nasiru shiga harkar intanet ɗin.

Wata rana bayan la'asar ina tsakar gida ina gyaran ƙore, Nasiru ya shigo ya tsuguna ya ce, "Inna, shawara na kawo." Wai yana so ya ɗauki hoton man kaɗanyarmu ya sa a intanet, masu saye na ƙasashen waje su gani su aiko da wasiƙa. To hotunan da wasiƙun sai an sama musu mazauni a cikin wata babbar na'ura da ba a kashewa, can ƙetare, wai saba, kuma hanya biyu ce. Da ya ga na saki baki sai ya yi mini kwatance. Ya ce ta farko ita ce risela: mutum ya kama babban zaure haya, ya raba shi da asabari, ya riƙa bai wa wasu lungu-lungu. Da sauƙi, da araha, shi zai yi shara, shi zai yi gyara, amma babban makulli yana aljihunsa, in ya ga dama ya leƙa lungunka, in ya ga dama ya fitar da kai. Ya ce Ɗanladi irin wannan zauren yake da shi. Ta biyu kuwa wasu haruffa uku ya kira, VPS, jikata ta san su. Ita ɗakinka ne kai kaɗai a cikin gidan, ƙofarka daban, makullinka daban, sai dai ta fi tsada, kuma in ya yi yoyo kai za ka hau ka toshe.

Na ce, to kai wanne ka zaɓa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Nawa ɗakin, Inna."

Ai kuwa raina ya ɓaci. Na ce ɗan'uwanka yana da zaure, ka tsallake shi ka je ka kama ɗaki wurin wanda bai san sunan ubanka ba? Me za a ce a unguwa? Ya ce, "Inna, ba zargi ba ne, aiki ne." Na dafa ƙirjina na ce nan kuka sha ku biyu, wanda ya raba wannan da kai ba zai hana ka lungu ba, kuma ban yarda ba. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Shi ke nan, Hajiya mai intanet ta yanke hukunci." Wayyo Nasiru. Bai taɓa musu da ni sau biyu a kan magana ɗaya ba.

Abu ya yi kyau kusan shekara. Ya nuna mini hotona a kwamfuta ina riƙe da ƙwaryar mai, na ce ya cire, hancina ya fito kamar na wata. Wasiƙu suka fara zuwa, har wani mai saye ya ce zai riƙa ɗaukar kaya da yawa, matan Auna suka zo har gida suna yi mini guɗa. Sai da damina ta faɗi na ga yaro ya yi sanyi, ba ya gama tuwonsa. Ran wata Talata ya ce zai je Kaduna sayen tawadar injin buga takarda. Motarsu ta kife bayan Tegina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin magariba aka kawo mini shi a tabarma.

Ɗanladi ya zo, shi ya kama gaban makara, ya yi kuka har ana riƙe shi, ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, aikin Nasiru amana ne a hannuna." Na shafa kansa na sa masa albarka.

Shagon aka kulle. Bayan mako guda iska ta kayar da turken waya na bakin tasha, igiyar shagon ta tsinke, Bitrus tela, maƙwabcinsa, mutumin Rijau, ya naɗe ta ya rataya a ƙusa a jikin bango. Ku riƙe wannan, don da idona na gan ta.

Saura kwana biyu sadakar arba'in na je shagon bayan azahar, in ɗauko dardumarsa da butarsa in bayar. Rana tsaka, 'yan kamasho suna ta kiran Minna da Yawuri, masu rake suna wucewa. Na buɗe, na shiga, ina naɗe darduma ke nan wayar ta yi ƙara.

Na tsaya cak. Ta sake yi. Sai ga Bitrus ya faɗo da almakashi a hannu yana cewa, "Mama, wace waya ce ke kuka?" Na nuna masa. Ya dubi wayar, ya leƙa waje ya dubi igiyar a ƙusa, ya ce, "Kar ki taɓa." Amma hannuna ya riga ya kai.

Da farko wani ƙara na ji, irin ƙiiii ɗin nan da kwamfutarsa ke yi in zai shiga intanet. Sai ya lafa. Sai aka ce, "Inna."

Jama'a, uwa ba ta ɓatan muryar ɗanta. Ba kuka yake ba, ba faɗa yake ba, a gajiye yake, kamar wanda ya daɗe a rana. Ya ce, "Inna, an canza makulli. Ina tsaye a waje." Na ce Nasiru kana ina, Nasiru! Ya ce, "Da sunan da kike kiransa a goye ya kulle." Daga nan ƙaran ya dawo, sai shiru. Bitrus ya karɓa ya kara a kunne, babu ko numfashi. Ya ajiye a hankali yana kiran sunan Yesu, ya riƙo ni ya fito da ni.

Da na isa gida na shiga ɗakin Hadiza, matar Nasiru, tana takaba da tsohon ciki, cikin wannan mai rubutun. Na ce Hadiza, don Allah me ya kai shi Kaduna? Ta fashe da kuka. Ta ce ba tawada ba ce. Kwana goma kafin tafiyar ya wayi gari ya kasa shiga wurin aikinsa na intanet, an sauya kalmar sirrin da yake buɗewa da ita, wasiƙu suka daina zuwa masa, ya yi ta kiran Ɗanladi ana cewa ba ya nan. Ashe tun tuni Ɗanladi yana karanta wasiƙun, ya rubuta wa mai sayen nan cewa shi ne mai kayan. Nasiru ya rantsar da ita kada ta gaya mini, ya ce, "Inna ce ta zaɓa, in ta ji ba za ta yafe wa kanta ba. Bari in je mu yi magana a matsayin 'yan'uwa."

Ranar arba'in Ɗanladi ya zo da buhun shinkafa. Na kira shi ɗakina, na ba shi ruwa a kofi, na ce Ɗanladi, ka tuna sunan da nake kiranka kana bayana? Ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, Zuƙau mana, saboda yadda nake shan nono." Na ce da shi ka kulle wa ɗan'uwanka ƙofa?

Kofin ya suɓuce. Fuskarsa ta yi fari fat kamar toka. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Ko matata ba ta sani ba." Na ce mai lungun ne ya kira ni. Sai ya shiga inda-inda, wai Nasiru bai iya ciniki da Turawa ba, wai riƙe masa ya yi, wai da ya iso Kaduna da sun daidaita. Wallahi hannuna ya kai bakin zanena, saura kaɗan in fitar da abin da ya sha in yi masa baki. Na kasa. Na ce tashi ka fita, ka ɗauki shinkafarka. Bai ƙara taka gidan nan ba, kuma hotunan da aikin duka ban sake ganin ko ɗaya ba.

Na kai maganar wurin malamai. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce baƙin ciki ne ya yi mini magana a kunne. To baƙin cikina ne ya kira Bitrus daga kan keken ɗinkinsa? Baƙin cikina ya san da wace kalma Ɗanladi ya kulle, abin da shi kaɗai ya sani a duniya? Ni ban san ko mene ne ba, Allah ne masani.

Ku matasa masu wannan aiki, in kuna da hali ku riƙe makullinku a hannunku, ko da wanda zai ba ku lungu uwarku ɗaya. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, in yaro ya kawo muku abin da ya fi ku sani, ku yi masa addu'a ku bar shi, kada ku dafa ƙirji. Ku sa Nasiru a addu'a, Allah Ya buɗe masa ƙofar rahama. Ni dai har yau in waya ta yi ƙara a gidan nan, ko ta wace ce, sai na ce a ɗauka maza, kada a bar mai kira a tsaye.